Yadda ake dasa ƙariya a tukunya, a rene ta har ta cika da fure

A watan Maris, lokacin da ciyawa ta ƙone ƙurmus, ƙasa ta tsattsage, akwai wata 'yar bishiya da ke zaɓar wannan lokacin ta yi ado. Gindinta a kumbure kamar tulu, fatarta toka-toka mai santsi, rassanta gajeru masu kauri. Sau da yawa ko ganye ɗaya babu a jikinta, amma kan kowane reshe ɗauke yake da furanni masu ruwan hoda, bakinsu ja. Ita ce ƙariya. Masana tsirrai suna kiran ta Adenium obesum, kuma da yawa cikin masu sayen ta a wurin masu furanni na bakin titi suna ɗauka daga ƙasar waje aka kawo ta. Alhali 'yar gida ce. Tana fitowa da kanta a yankin Sahel tun daga Senegal har Sudan, ta gangara gabashin Afirka, ta ƙetara zuwa Yaman. Abin da ya zo daga waje shi ne ire-iren da masu noman fure na Tailan da Taiwan suka yi wa aure, masu fure ninki-ninki, wasu farare, wasu ja wur.

Abu ɗaya nake so ka riƙe kafin ka taɓa ƙasa: ƙishirwa ba ta cika kashe ƙariya ba, ruwa ke kashe ta. Wannan kumburarren gindin rumbunta ne na ruwa, da shi take ratsa rani a daji ba mai ba ta ko ɗigo. Duk matakan da ke tafe a kan wannan aka gina su.

Da farko, iri ko reshe?

Hanya biyu ce, kuma sakamakonsu ba ɗaya ba ne. Wadda aka shuka daga iri ita ce ke yin ƙaton gindin nan tun tana ƙarama. Wadda aka dasa daga reshe takan riga yin fure, kuma furenta zai zo daidai da na uwarta, sai dai gindinta ba ya yin tulu kamar na 'yar iri. In fure kake so da wuri, nemi reshe. In siffar kake so, sai haƙuri da iri.

Idan reshe ne, zaɓi wanda ya ƙosa, mai kaurin babban yatsa, tsawonsa kamar taƙi ɗaya, wato santimita 15 zuwa 20. Yanke shi da wuƙa mai kaifi, mai tsabta. Cire ganyen ƙasa, ka dangwala wurin yankan a toka ko garin gawayi, ka ajiye shi a inuwa inda iska ke shiga na kwana uku zuwa mako guda, har bakin ya bushe ya yi ɓawo. A nan mutane ke gaggawa. Reshen da aka soka a jiƙaƙƙiyar ƙasa da ɗanyen rauni ruɓewa yake yi daga ƙasa, sama kuwa yana nan shar kamar ba abin da ya same shi, sai ranar da ka taɓa shi ya faɗi. Bayan ya bushe, soka shi cikin yashi kamar zurfin gaɓa biyu na yatsa, ka kafa masa ɗan kara ya jingina, ka riƙa yayyafa ruwa kaɗan duk bayan kwanaki. Cikin wata ɗaya zuwa biyu zai yi saiwa. Bazara ce lokacin wannan aikin. Kada ka yi shi cikin marka, kada kuma ka yi shi cikin tsananin sanyi.

Batun iri kuwa, duk wanda ya san wannan bishiya yakan tuno ta idan aka ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya, domin za ka shekara kana ganin furenta ba ka ga ɗanta ba. Amma tana 'ya'ya. Takan fitar da kwanso biyu a haɗe, sun buɗe kamar ƙahon sa, kuma sukan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin su nuna. Dalilin ƙarancinsu shi ne da yawa daga cikin bishiyoyin ba sa ɗaukar ciki da garin furen kansu, sai ƙwaro ya kawo na wata dabam, ga shi kuma na cikin gari galibi rassan uwa ɗaya ne aka yi ta rabawa gida-gida. In ka yi sa'a ka ga kwanso, naɗe shi da zare sakwa-sakwa tun bai fashe ba. 'Ya'yan sirara ne kamar guntun tsinke, kowanne da gashi a kai da gindi irin na tumfafiya, wadda ma danginsu ɗaya, kuma iska kaɗan ta isa ta kwashe su. Tsige gashin, ka kwantar da su a kan yashi mai laima, ka rufe da ɗan yashi sama-sama. Sabon iri yakan tsiro cikin mako guda ko makamancin haka. Wanda ya daɗe a ajiye ba ya tsira sosai, don haka kada ka jinkirta.

Tukunya da ƙasa

Tukunyar ƙasa ta fi ta roba nesa ba kusa ba, saboda jikinta yana numfashi, laima tana fita ta gefe. Nemi mai faɗin baki, marar zurfi sosai, ka huda gindinta wuri uku ko huɗu, kowace huda yatsa ya iya shiga. Kada ta fi saiwar girma da yawa. Babbar tukunya ƙasa mai yawa ce, ƙasa mai yawa kuma ruwa ne da zai kwana ya wuni ba a sha shi ba.

Haɗin da nake yi shi ne kwano biyu na yashin rafi mai tsakuwa-tsakuwa, kwano ɗaya na ƙasar gona, kwano ɗaya na dakakken gawayi da ba a mayar gari ba, sai tafi ɗaya na takin shanu ko na awaki da ya ruɓe ya zama baƙi. Gwajinsa ba wuya. Zuba ruwa a kai: in ya wuce ya fito ta ƙasa nan take, ya yi. In ya tsaya a sama yana ƙyalli, ƙara yashi. Ƙasar fadama da laka ba nata ba ne ko kaɗan.

Ta farko da na rena a bokitin fenti na dasa ta, da baƙar ƙasa mai danƙo, huda ɗaya tak a gindi. Ta yi kyau rani guda. Da Agusta ta zo, aka yi kwana uku ana marka, ganyenta ya soma rawaya yana zuba. Na ɗauka yunwa ce, na ƙara mata taki. Ranar da na danna gindin da yatsa, sai ya lotsa kamar ruɓaɓɓiyar kabewa, wani ruwa mai wari ya fito. Wata da watanni ina kallonta kullum da safe, na ji zafin rashinta ƙwarai.

Wajen dasawa, bar saman kumburin a waje, kada ka binne shi. Kuma kada ka ba ta ruwa a ranar. Jira kwana biyar zuwa bakwai, saiwoyin da suka karye su warke.

Rana da ban ruwa

Sa ta inda za ta sha rana aƙalla awa shida. Ƙariyar da aka ajiye a falo ko ƙarƙashin mangwaro rassanta za su yi tsawo su sirance, fure kuwa sai dai labari. 'Yan tsiron da ba su kai wata uku ba su kaɗai ake rage wa ranar azahar. Wadda ka sayo daga inuwar mai furanni ita ma a saba mata da rana sannu a hankali, cikin mako biyu, don fatar gindin na iya ƙonewa.

Ban ruwa da yanayi yake tafiya. A bazara, in ƙasar ta bushe har zurfin yatsa, ba ta ruwa sosai har ya fito ta huda, sannan ka ƙyale ta sai ta sake bushewa. A ƙaramar tukunya cikin zafin Afrilu wannan zai iya zama duk kwana biyu ko uku. Da damina ta kankama, ajiye butar. Ɗora tukunyar a kan bulo biyu don hudar ta samu hanya, in kuma marka ta yi yawa a Agusta, ja ta ƙarƙashin rumfa ko bakin baranda. A hunturu takan zubar da ganye ta yi barci, kuma ba ta son sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 10. Mutanen Jos da duk inda dare ke yin sanyi sosai a Disamba da Janairu su kiyaye: jiƙaƙƙiyar ƙasa da daren sanyi su ne ajalinta. Ban ruwa sau ɗaya a mako biyu ko uku ya isa, da hantsi.

Gindin shi ne zai gaya maka gaskiya. In ya yi tauri, lafiya lau. In ya ɗan yamutse ƙasa kuma a bushe, ƙishirwa ce. In ya yi laushi ƙasa kuma a jiƙe, ruɓa ce, kuma ba a kwana da ita. Tumɓuke ta, wanke saiwar, yanke duk inda ya yi baƙi ko ruwan ƙasa har sai ka kai fari tas, kana goge wuƙar bayan kowane yanka. Barbaɗa garin gawayi, rataye ta a inuwa mako ɗaya zuwa biyu, sannan ka dasa a busasshen yashi. Da yawa suna tashi.

Taki, aski da sauya tukunya

Taki kaɗan take so. Rabin ƙaramin cokali na NPK 15-15-15 a gefen tukunya, nesa da gindi, sau ɗaya a wata daga bazara zuwa ƙarshen damina. Yuriya ganye za ta ba ka, ta hana ka fure. A hunturu kada ka sa komai.

Furen a kan reshe yake fitowa, saboda haka yawan rassa shi ne yawan fure. In ta miƙe sanda ɗaya, datse kanta a farkon bazara, ka bar kamar santimita 10 zuwa 15 sama da kumburin. Za ta tofo rassa biyu ko uku a ƙasan yankan. Yi yankan a karkace don ruwa ya zame, kuma abin da ka datse ga shi ya zama sabon dashe. In mai aure ce ka saya, wato wadda aka haɗa reshen wata a kan gindin wata, duk tohon da ya fito ƙasa da wurin haɗin cire shi, in ba haka ba zai rinjayi na saman.

Duk shekara biyu sauya mata ƙasa, ka ɗaga gindin sama da santimita biyu ko uku fiye da inda yake a da. Da haka manyan saiwoyin da ke ɓoye suke fitowa fili suna murɗewa, kowace bishiya da irin tata siffar. Wannan ne aikin da na fi so a renonta.

Ƙwari, da maganar dafi

Wasu ƙananan ƙwari rawaya sukan taru a kan sabon toho da ƙullin fure, akwai kuma farare masu kama da auduga da ke maƙalewa a hammatar ganye. Jiƙa dakakkun 'ya'yan darbejiya su kwana, tace, sa ɗan sabulu, ka fesa da yamma, ka maimaita bayan mako guda. Tsutsa kuwa ɗauke ta kawai ake yi.

Ruwan jikin ƙariya dafi ne, kuma zuciya yake taɓawa. Mafarauta a sassan Afirka sun daɗe suna shafa shi a kan kibiya, wasu kuma suna kashe kifi da shi. Idan za ka yanke ta, sa safar hannu ko ka ɗaura leda, kada ruwan ya shiga ido ko wani rauni, ka wanke hannu da wuƙar da sabulu, kuma wuƙar ba ta komawa madafa. Rassan da ka datse kada ka watsar inda awaki da tumaki ke kiwo. Gidan da ke da yara masu rarrafe ko masu kai komai baki, a ɗora tukunyar a kan katanga ko wani wuri mai tsawo da hannunsu ba ya kaiwa, a kuma share furen da ya zubo ƙasa kowace safiya.