Yadda Za Ka Binciki Babbar Lamba: Misalin 45,360

Kafin ka ce komai a kan babbar lamba, ka farfasa ta zuwa lambobin tushe, wato waɗanda ba sa rabuwa sai da 1 da kansu: 2, 3, 5, 7, 11, 13 da sauransu. Duk halayenta daga nan suke fitowa.

Ɗauki 45,360. Ƙarshenta sifiri ne, don haka cika ce, ba mara ba, kuma 5 na raba ta. Tara alƙalumanta: 4+5+3+6+0 ya ba da 18, ke nan 3 da 9 na raba ta. Gwajin 7 da 11 da 13 a lokaci guda ake yinsa, domin idan ka ninka su ukun 1,001 za ka samu. Ware alƙaluma uku na ƙarshe, ka cire 45 daga 360, saura 315. Bakwai na raba 315, amma 11 da 13 ba sa raba ta, to haka abin yake ga lambar gaba ɗaya.

Yanzu raba da 2 har sai ta ƙi: 22,680, 11,340, 5,670, 2,835. Sau huɗu ke nan. Koma kan 3: 945, 315, 105, 35. Shi ma sau huɗu. Saura 5 da 7, kowanne sau ɗaya.

Don sanin lambobi nawa ke raba ta ba saura, ƙara 1 a kan yawan fitowar kowanne, ka ninka: 5×5×2×2, wato 100. Mantawa da ƙarin 1 ɗin nan shi ke kayar da masu shirin BEPC, jarrabawar kammala kwaleji. Amfaninsa shi ne ƙidaya halin da lambar tushen ba ta shiga ba sam. Kuma 45,360 ba murabba'i ba ce, wato babu lambar da za ta ninka kanta ta ba da ita, tunda 5 da 7 sau ɗaya-ɗaya suka fito, ba su da abokan zama. Ninka ta da 35, sai ta koma 1,587,600, wato 1,260 sau 1,260.

Ga inda ya shafi aljihu. A ce ribar 'yan haɗin gwiwa a Kasuwar Dole ta kai sefa 45,360. Mu nan Damagaram da dala muke ƙirga, dala ɗaya sefa biyar, sai kuɗin ya zama dala 9,072. Biyar ta fita daga lissafi, masu rabawa sun ragu zuwa 50. Mutum 10 za su samu sefa 4,536 kowanne a takarda, amma ba a biyansa da dala cif. Mutum 12 kuwa, dala 756 kowa, ba gardama.

Babban tarko yana wajen lambar da ta ƙi rabuwa da ƙananan lambobi. Kada ka yi saurin cewa ta tushe ce. Dubi 10,403: duk lambobin tushe har 97 ba sa raba ta, alhali 101 sau 103 ce. Ka ci gaba da gwaji har ka kai lambar da idan ta ninka kanta za ta wuce wadda kake bincike. A nan 102 ce iyakar.