Yadda Ake Kausasa Sautin Gangar 808 da 909 a Kwamfuta

Kamfanin Roland na ƙasar Japan ya fitar da na'urar ganga ta TR-808 a shekarar 1980, sannan TR-909 ta biyo baya a 1983, kuma babu ɗayansu da ta zo da abin kausasa sauti, wato abin da masu situdiyo ke kira distoshin. Kaushin da mutane suka saba ji a kiɗan da aka yi da su daga waje ya fito, domin masu haɗa kiɗa kan tura sautin cikin mikisa, wato na'urar haɗa sautuka, da ƙarfin da ya fi wanda za ta iya ɗauka, ko su naɗe shi a tef har ya cika ya tumbatsa. Da wannan dabarar matasan birnin Rotterdam na ƙasar Holan suka gina salon kiɗan gabber a farkon shekarun 1990. Da aka fara kwaikwayon na'urorin a kwamfuta, manhajar ReBirth ta kamfanin Propellerhead, wadda ta fito a 1997, ta haɗo da distoshin a cikinta, abin tambaya kuwa shi ne ko hakan ya dace. A ganina ya dace, muddin ana iya kashe shi, kuma ana iya ba kowace ganga nata kason. Ga yadda za ka bi.

Da farko, kashe duk wani abin gyaran sauti da ke cikin manhajar gangarka, ka saurari gangar a yadda take. Daidaita tsawon amon babbar ganga da maɓallin Decay tun yanzu, domin kausasawa tana ɗaga wutsiyar sauti, sai amon da ka ɗauka gajere ne ya miƙe ya rufe bugun da ke biye da shi.

Mataki na biyu shi ne wanda ya fi muhimmanci. Duba ko distoshin ɗin manhajarka yana aiki a kan kowace ganga daban, ko kuwa a kan dukan gangunan a haɗe. Idan a haɗe ne, babbar ganga, da yake ita ce mafi ƙarfi, ita za ta cika ma'aunin a duk lokacin da ta buga, sai ta danne farantan ƙarfe (wato hi-hat da cymbal) da sautin tafi, ka ji suna shaƙewa suna dawowa. Akwai salon kiɗan da ke neman wannan cakuɗewar da gangan, amma ga waƙar da murya ce a gaba, illa ce. Maganinsa shi ne ka tura kowace ganga zuwa layinta na mikisa, kamar yadda TR-808 ta asali take da mafitar waya ta daban ga gangunanta a bayanta. Manhajojin Nepheton da Drumazon na kamfanin D16 da ke ƙasar Folan suna ba da wannan damar. Idan kuwa manhajarka tana da maɓallin kausasawa ga kowace ganga, yi amfani da shi kai tsaye, domin yana rage wahala kuma ana adana shi tare da tsarin bugun.

Na uku, rage ƙarfin sautin kafin ya shiga, ya tsaya wajen dB (ma'aunin ƙarfin sauti) 6 zuwa 10 ƙasa da ƙololuwa, tunda yawan kaushin ya dogara ne da ƙarfin abin da aka tura. Daga nan ka zaɓi kayan aiki. Mai amfani da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio zai iya farawa da Fruity Soft Clipper idan ɗumi kaɗan yake so, ko Fruity Fast Dist idan yana son karcewa sosai, mai Ableton Live kuma yana da Saturator da Drum Buss.

Na huɗu, murɗa maɓallin kausasawa a hankali, kana rage ƙarfin fita gwargwadon yadda ya ƙaru. Kunne kan ɗauki abin da ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi daɗi, saboda haka kwatancen gaskiya ba ya yiwuwa sai ƙarfin biyun ya yi daidai. Yana da kyau ka san abin da ke faruwa a nan. Amon babbar gangar 808 yana zaune ne a wajen Hz 50 (Hz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar amo), inda lasifikar wayar hannu ba ta iya kaiwa. Kausasawa tana haifar da sababbin amo a ninkin wannan adadin, kamar Hz 100 da 150 da 200 zuwa sama, kuma idan kunne ya ji waɗannan sai ƙwaƙwalwa ta cike gurbin na ƙasan. Wannan shi ne babban amfaninsa ga duk wanda yawancin masu sauraronsa a waya za su ji waƙarsa.

Idan ka lura nauyin gangar ya ragu, kada ka ƙara murɗawa. Yi amfani da maɓallin Mix ka gauraya sautin asali da wanda aka kausasa, ko ka kwafi layin gida biyu, ka yanke ƙasan na biyun kafin ka kausasa shi, ka bar na farko da tsabtarsa.

Farantan ƙarfe sun fi buƙatar taka-tsantsan. Aikin da ake yi a kan ma'aunin naɗar sauti (sample rate) na kHz 44.1 ba ya iya ɗaukar amon da ya wuce kHz 22.05, kuma abin da ya haura wannan iyakar yakan dawo ƙasa a matsayin ƙara marar daɗi da ba ta jituwa da kiɗan. Idan kayan aikinka yana da zaɓin Oversampling ko Hi-Quality, kunna shi, in kuwa babu, gara ka bar farantan yadda suke.

Daga ƙarshe, saurari gangunan tare da murya da sauran kayan kiɗa, sau ɗaya a lasifikar situdiyo, sau ɗaya a waya. Idan babbar ganga ta fara rufe kalmomin mawaƙi, rage saman layinta da EQ, wato abin daidaita kauri da sirantar sauti, kafin ka taɓa murya.