Yadda ake haɗa wasan kwaikwayo a unguwa wanda zai sa a tashi a yi gyara

Duk wanda ya taso a cikin gari ya san tashe. Azumi na kaiwa goma yara za su fito da gemun auduga da tsumma cushe a ciki, wannan ya zama tsoho wancan ya zama mai magani, 'yan mata na kwaikwayon zaman aure, a Kano kuma Nalako na bin gwauraye. Dariya ake yi amma fa magana ake faɗa wa mutane, irin maganar da in ka tari mutum da ita kai tsaye sai an raba ku. Toh wasan da nake nufi ɗan'uwan tashe ne, sai dai shi gyara yake nema, kwatar da ta toshe, bolar da ta cinye hanya, ko yaran da shaye-shaye ke ɗauke mana ɗaya bayan ɗaya. Kuma ba baƙon abu bane a wajenmu, tun ƙarshen shekarun 1970 malamai da ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello suke fitowa su shiga Samaru da garuruwa irin su Soba da Maska da Bomo, su zauna da mutane su ji damuwarsu sannan su maida ita wasa da Hausa a fili.

Abu na farko, tun kafin ku tara kowa ku je ku gaida manya. Mai unguwa, liman, shugaban 'yan sintiri. Ku biyu ko uku sun isa, a durƙusa a ce ranka ya daɗe mun zo neman izini da albarka, ga abin da muke son yi, ba siyasa bace kuma ba za a ci mutuncin kowa ba. In taron zai yi girma a sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa, tunda ko tashen ma an sha dakatar da shi a Kano saboda 'yan daba da ke fakewa da shi, kaga dole a nuna naku daban ne.

Sai saurare, kuma wallahi nan ne aikin yake. Kar ku zauna a ɗaki ku yanke cewa kun san matsalar unguwa. Ku ɗauki kamar sati biyu kuna yawo, teburin mai shayi, majalisar dattawa, shagon mai cajin waya, wajen 'yan ga-ruwa, inda masu adaidaita ke jiran fasinja. Matan cikinku su shiga gidaje, su je Islamiyyar matan aure da wajen injin markaɗe, domin abin da uwar gida ta sani game da ruwa da shara da ciwon yara ba za ka taɓa jin sa a majalisa ba. In ka tambayi mutum mene ne matsalarku zai ce maka tsadar rayuwa da rashin wuta shikenan, amma ka ce masa Baba daminar bara ta ina ruwa ya fara shigowa, wa ya kwana yana kwalfewa, nan zai buɗe maka. Mu da muka yi namu a kan kwata duk mun ɗauka ƙazantar mutane ce kawai, sai wata dattijuwa ta ce yarana ku je ku ga nisan bolar tukunna, yaro ɗan shekara 8 ake ɗora wa bokitin shara, ina zai kai ta in ba kwatar ƙofar gida ba, sannan ku leƙa ƙarshen layi inda aka gina shago a kan hanyar ruwa. Wannan maganar ita ta zama ƙashin bayan wasanmu gaba ɗaya.

Daga nan ku zaɓi matsala ɗaya tak, wadda mutanen unguwa za su iya taɓa wani abu a kanta da hannunsu.

Wajen gina labari ba sai an rubuta komai ba. Ku zauna kowa ya faɗi abin da ya jiyo, a fitar da mutum huɗu ko biyar, misali uwar da ruwa ya shiga ɗakinta, yaron da ake aika, mai shago, mai gidan haya, sai a tashi a gwada kowa ya yi magana da bakinsa, abin da ya zauna a riƙe wanda bai zauna ba a zubar. Minti 20 ya isa. Abu biyu nake roƙo dan Allah a kiyaye. Kar a fito da wani yadda za a gane shi, ko tafiyarsa ko irin hularsa ko wata kalma da aka san shi da ita, ranar da 'yan kallo suka fashe da dariya suna waiwayen mutum ɗaya to kun yi maƙiyi, shi da danginsa, kuma gobe a sahu ɗaya za ku yi sallah. Na biyun kowa a wasan a ba shi uzurinsa, mai shagon nan da shagon yake ciyar da gidansa, in kuka maida shi mugu kawai mutane za su tsine masa su watse, babu wanda zai ga nasa laifin.

Kayan wasa benci ne da bokiti da tabarma. A riƙa gwaji a waje don murya ta saba da fili, kuma ɗan wasa ya koyi juyawa tunda 'yan kallo zagaye ku za su yi. Ganga ko kalangu na tara jama'a, amma unguwar da ba a son kiɗa tafi da waƙa sun wadatar. 'Yan mata kuwa sai da yardar iyaye, in abin bai yiwu ba a shirya wa mata nasu daban a tsakar wani babban gida, sau da yawa ma can maganar ta fi fitowa. Kafin ranar a nuna wa dattawa uku ko huɗu a soro, in akwai kalmar da za ta ta da ƙura za su faɗa muku.

Lokaci bayan la'asar, a tashi kafin kiran magariba. Filin firamare ko ƙofar gidan mai unguwa. A duba kar ya haɗu da biki ko ranar babban wasan ƙwallo, in ba haka ba samari duk suna gidan kallo.

Yanzu ga inda wannan wasa ya rabu da na talabijin. Ba a ƙarasa shi. Ana kaiwa inda rigima ta yi tsamari, ruwa ya shiga ɗaki, uwa ta fito tana kuka, mai shago ya ce shi ba ruwansa, sai mai jan ragama ya ɗaga hannu a tsaya cak, ya juya ga jama'a ya ce jama'a haka abin yake ko mun yi ƙari, in ke ce ya za ki yi. Augusto Boal ɗan ƙasar Barazil shi ya shahara da wannan salo, har da ya zama kansila a birnin Riyo daga 1993 zuwa 1996 ya riƙa kai wasa unguwanni yana ɗauko shawarwarin da ake maida su doka. Wanda ya ba da shawara kar a bar shi daga zaune, a ce Malam bismillah shigo ka karɓi matsayinta ka nuna mana. Su kuma 'yan wasa kar su sauƙaƙa masa, mai shago ya ci gaba da gardama kamar yadda na gaske zai yi, a nan ne za a gane shawarar da za ta yi aiki da wadda daɗin baki ce kawai. Mai jan ragama ya zama mai haƙuri wanda ake jin nauyinsa, ba mai son wa'azi ba, ya san yadda zai karɓi magana a hannun wanda ya cika tsawaitawa cikin ladabi ya miƙa wa yaro ko tsohuwar da ke gefe, kuma duk wanda ya fara kama suna a tsayar da shi nan take.

Kar a watse sai an sa rana. A ɗauko takarda a gaban kowa, wa zai kawo shebur, wa ke da baro, su wa za su raka mai unguwa wajen mai shago, wa zai rubuta wa kansila takarda kan a samar da wajen zuba shara kusa. Asabar ɗin ƙarshen wata ta tsaftar muhalli ta dace da aikin gayya tunda dama kowa na gida da safe. Kuɗin ruwan sha da hayar lasifika a yi karo-karo, ni dai ban ba da shawarar karɓar kuɗin wanda zai ce a liƙa fastarsa ba, rabin unguwa za su janye.

In akwai bangon da mai shi ya yarda, a samo mai zanen allon shago ya fitar da hoto ɗaya daga wasan yara su cike fenti, yaron da ya shafa fenti da hannunsa shi zai hana a zuba shara a gindin bangon. Bidiyo kuma a tambayi duk wanda fuskarsa ta fito kafin a ɗora a Facebook ko TikTok, musamman mata. Bayan wata ɗaya ku koma wajen mutanen da kuka fara saurara ku ji me ya canza me ya tsaya, abin da ya tsaya ɗin da shi za ku fara wasa na biyu.