Kurakuran da ake yi wajen sayen jakar ko-ta-kwana

Da madatsar ruwan Alau ta ɓalle a watan Satumbar 2024, cikin dare ruwa ya shiga Maiduguri, mutane da yawa da kayan jikinsu kawai suka tsira. Irin wannan rana ake tanadar wa jakar ko-ta-kwana, wato jakar goyo mai kayan buƙatar gaggawa, amma tun wajen saye ake yin kuskure.

Na farko, kwaɗayin girma. Mai saye ya ga jaka mai cin lita 55, kamar Rush 72 ta kamfanin 5.11, ya ce ita ce daidai, alhali komai girman jaka sai an cika ta. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne. Ƙara da tufafi, magani, tocila, dabino da gari, ga yaro a hannu. Masu tafiyar ƙasa kan ce kada kaya su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinka. Don guzurin kwana uku, lita 30 zuwa 40 ta wadatar. Kafin ka biya, ka zuba mata kaya, ka goya, ka ɗan taka. Idan ba ta da faffaɗan ɗamara mai sauke nauyi a ƙugu, kafaɗa ce za ta sha wuya, ka ajiye ta ko da an yi maka ragi.

Sai ruɗin ado. Layukan madaurin nan na MOLLE da ke jikin jakunkunan soja suna ɗaukar ido, amma yawancinmu ba mu da abin rataya musu, nauyi kawai suke ƙarawa. Haka yadi: mai lamba 1000D ya fi ƙwari, 500D ya fi sauƙi kuma ya isa. Zif da ɗinkin hannun goyo ne ke fara mutuwa, su za ka ja da ƙarfi ka gani. A ganina, gwanjo mai zif ɗin sanannen kamfanin YKK ta fi sabuwa mai ƙyalli.

Ka guji mai zanen kakin soja, kada ta jawo maka tambayoyi a shingen bincike. Baƙa ko ruwan toka ta fi.

Kada kuma ka yarda da ɗan kasuwa cewa ruwa ba ya shiga; ta zif da ɗinki yake bi. Katin ɗan ƙasa, takardun gida da ’yan kuɗi, a ƙulle su cikin leda biyu tukuna, sannan a rataye jakar kusa da ƙofa inda kowa a gidan ya sani.