Darasi na 9: Daga Wane Ɗaki Kwamfuta Take Tashi?

Faifan ajiyar kwamfuta kamar gida yake, ana katange shi ɗaki-ɗaki. Kowane ɗaki shi ake ce wa ɓangare. Wani lokaci mai gyara kan sa Windows 10 a wani ɓangare, ya bar tsohuwar Windows 7 a wani, sai ka kunna na'ura ta buɗo maka wadda ba ita kake so ba.

Gyaran ba wuya. Danna maɓallin Windows tare da harafin R, ka rubuta msconfig, ka danna Enter. Shiga sashen Boot. Za ka ga sunayen manhajojin biyu a jere. Zaɓi wadda kake so, ka danna Set as default, sannan OK, ka sake kunnawa. Shi ke nan.

Idan kuwa faifai biyu ne daban, to tun ana kunnawa za ka yi zaɓi, kafin tambarin Windows ya fito. A kwamfutar HP danna F9, a Dell kuma F12, sai jerin faifan ya fito ka zaɓa. Yi ta dannawa da sauri, don ba ta jira.

Yanzu ga inda nake so a natsu. A cikin Disk Management, wato shirin Windows da ke nuna ɓangarorin faifai, akwai umarnin da ke cewa Mark Partition as Active, wanda ke sa wa ɓangare alamar cewa daga nan na'ura za ta tashi. Mutane da dama kan ɗora shi a kan ɓangaren da ake kira C, a zatonsu ai nan Windows take zaune. Alhali fayilolin tayar da na'ura galibi suna wani ɗan ƙaramin ɓangare ne mai suna System Reserved, wanda a Windows 7 bai wuce megabait 100 ba. Faifai mai tsohon tsarin MBR ɓangare ɗaya tak yake yarda a yi wa wannan alama. Da ka ba C, ka ƙwace wa ƙaramin ke nan. In ka sake kunnawa sai baƙin allo da rubutun BOOTMGR is missing. Kada hankalinka ya tashi, hotunanka da takardunka suna nan daram, amma fa sai an nemo filashin da ake saka Windows da shi an maido da alamar inda take.

Sabon tsarin GPT ba ruwansa da wannan alama, shi ya sa za ka tarar umarnin a dushe, ba ya dannuwa.

Aikin gida: kwafe muhimman takardunka a filashi. Sannan buɗe Disk Management, ka rubuta a littafinka sunan kowane ɓangare da girmansa. Kallo kawai, kada ka canja komai sai mun haɗu a aji.