Yadda ake shimfiɗa perovskite a gilashi ba tare da ya koma rawaya ba

Yaran Aboabo da suka shigo lab ɗinmu bana sun dame ni da tambaya, to bari in rubuta sau ɗaya kowa ya huta. Perovskite ɗin da muke yi wa sola, wato sinadarin da yake juya hasken rana ya zama lantarki, ɗan siririn shafi ne, kaurinsa wajen nanomita 300 zuwa 500, kuma tun 2009 da Miyasaka na Japan ya samu kashi 3.8 na hasken ya zama lantarki, yanzu an wuce kashi 25.

Fara da wankin gilashin FTO, wato gilashi mai shafin da lantarki yake bi: sabulu, ruwa, asiton, sannan isopropanol, kowanne kamar minti 15 a cikin injin ultrasonik. Kar ka taɓa fuskar da yatsa, maiƙon hannu kaɗai ya isa ya ɓata maka aiki. Sai ka narkar da lead iodide (sinadarin dalma) da methylammonium iodide a cikin ruwan narkarwa DMF da ɗan DMSO, ruwan ya fito rawaya garau, ka tace shi.

Yanzu aikin gaske. Ka ɗiga ruwan a gilashin, ka kunna injin juyi, a hankali tukuna kamar juyi 1000 a minti, sannan ka kai shi 4000 ko sama, to yana cikin gudun nan ne za ka zuba ruwan chlorobenzene a tsakiya cak, zubi ɗaya ba tsayawa ba rawar hannu, shi ne yake kore DMF ɗin ƙwayoyin perovskite su haɗu lokaci guda. Ka yi saurin zubawa ko ka makara da 'yan sakanni, sai ka ga fuskar ta yi fari-fari kamar hazo, ƙananan ramuka ko'ina. Ni sai da na ɓata gilashi ya fi ashirin kafin hannuna ya faɗa, wallahi har ƙirga sakan nake da baki. Daga nan ɗora shi a faranti mai zafin digiri 100 minti 10, a gaban idonka zai rikiɗe ya koma baƙi-baƙi yana sheƙi kamar madubi.

Matsalarmu a Kumasi laima ce. Wannan abu ba ya shiri da danshi ko kaɗan, ka bar shi a tebur da damina sai ka dawo ka tarar ya koma rawaya, wato lead iodide ya dawo. In akwai akwatin naitrojin yi a ciki, in babu, hunturu ya fi sauƙi, kuma ka ajiye gilasan a kwalba da silika jel mai tsotse danshi. Dumsor, wato ɗauke wuta, ma ya taɓa kama ni injin na tsakiyar juyi, ban ce komai ba na kwashe kayana.

Akwai hanya mai mataki biyu, ka shimfiɗa lead iodide tukuna sannan ka tsoma a methylammonium iodide. Masu babban gilashi kuma da wata reza suke jan ruwan, wasu su turara shi a injin da aka zuƙe iskarsa, amma wannan sai mai kuɗi.

Dalma guba ce, DMF ma haka, safar hannu dole, aiki a ƙarƙashin mazuƙar hayaƙi, kuma don Allah kar wanda ya zuba ragowar a kwata.