Yadda Za Ka Nemi Diyyar Inshorar Mota a Kaduna

Da zarar an yi karo, a ce a gadar Kawo, ɗauki hoton motarka tun ba a janye ta ba. Karɓo rahoton 'yan sanda, ka sanar da kamfanin inshora ranar. Kada bakanike ya taɓa motar sai jami'insu ya duba. Nan mutane da yawa ke asarar haƙƙinsu.

Cike fom ɗin neman diyya na kamfanin, haɗa da lasin tuƙi da ƙiyasin kuɗin gyara.

In sun ƙi biya, nemi dalili a rubuce. Amma duba takardar inshorarka tukuna: inshorar naira 15,000 ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ban da motarka. In gaskiya na gare ka, kai ƙorafi hukumar NAICOM, mai sa ido kan kamfanonin inshora, da kwafin takardun duka.